Yatsan Kawu Mukhtaru

Mukhtaru ya yi ƙarya. Ba irin wadda direba ke yi wa fasinja ba, ya ce hanya a toshe take don ya bi ta inda ya fi so. Ƙarya ce ta zaune, wadda aka yi a gaban abinci, a gaban uwa da ƙanwa da mijin ƙanwa, aka kuma riƙa yi mata ban ruwa har wata bakwai. Ya ce ya iya karanta nota, wato rubutun kiɗa, alhali ko wuƙa aka ɗora masa a wuya bai san inda ake farawa ba. Masu ƙaunarsa, kuma suna da yawa a unguwar Hindawiyya ta Makka, suna cewa ai so ne ya jawo. To, so ne. Amma uwar da ta ba ɗanta gurɓataccen ruwa don ƙauna, cikin yaron ba zai tambayi niyyarta ba.

Direban tasi ne, shekararsa hamsin da biyu, haifaffen Makka. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya, ya iso da sanda da buta da sarewar kara, ya sauke farali, bai koma ba. Busa ta bi jini. Mahaifin Mukhtaru ya ajiye sarewar kara ya ɗauki nai, sarewar Larabawa mai huji shida a gaba da ɗaya a baya, wadda ake karkatawa a gefen leɓe. A hannunsa Mukhtaru ya koya, babu takarda, babu alƙalami. Allah ya ba shi kunne. In waƙa ta shiga kunnensa sau ɗaya ta sami ɗaki, in ta shiga sau biyu ta zama 'yar gida. Ranakun Alhamis yakan bi abokansa makaɗa su yi wa bukukuwa busa a gidajen biki na hanyar Jidda, sauran kwanaki kuma yana bayan sitiyari.

'Ya'yansa uku, duk maza, babu wanda ya taɓa tambayarsa mece ce a cikin doguwar jakar fatar nan. Shifa ce ta tambaya, 'yar ƙanwarsa Sakinatu, tana shekara tara. Ya ba ta mafi gajarta daga cikin sarewarsa don ta ƙyale shi ya sha shayi. Kwana uku tana hura iska kamar mai hura gawayi, babu sauti ko na sauro. A rana ta huɗu sautin ya fito, siriri, yana rawa. Mukhtaru ya ajiye kofinsa ya juya fuska bango, ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Shekara takwas yana koya mata. Da ta shiga ajin ƙarshe na sanawiyya, wato sakandare, sai labari ya zo cewa wata kwaleji a Riyad ta buɗe sashen kiɗa, har da mata ana ɗauka. Mahaifinta Abdulwahab, mai shagon darduma da carbi a unguwar Misfala, mutum ne da ba ya gaggawar magana. Ya tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce kaza, ɗayan ya ce kaza. Ya yi mako guda yana juya abin a ransa, sannan ya ce tunda goggonta na Riyad ya yarda ta gwada, amma sau ɗaya. In an ɗauke ta, shi ke nan. In ba a ɗauke ta ba, za ta karanta aikin jinya a nan Makka, kuma ba za a sake tayar da zancen ba. Duk wanda ya san Abdulwahab ya san in ya ce sau ɗaya, sau ɗayan yake nufi.

A gidan Hajiya Ummulkhairi, mahaifiyar Mukhtaru da Sakinatu, ake haɗuwa kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A nan Shifa ta karanto sharuɗɗan jarrabawar daga wayarta, tana fassarawa da Hausarta mai ɗingishi saboda kakarta. Za ta busa waƙa biyu da ta shirya. Sannan za a miƙa mata takardar nota da ba ta taɓa gani ba, ta duba na minti biyar, ta busa abin da ke ciki. Abdulwahab ya ce ya ji labarin wata malama a Jidda, Ustaza Ghada, mai koyar da wannan karatun, kuma shi ba zai ƙi kai yarinyar ba.

Mukhtaru yana riƙe da loma. Abin da ya ji a ƙirjinsa ba shi da wani suna sai kishi. Shekara takwas, sai a ƙarshe wata baƙuwa ta zo ta ɗora hannu a kan yarinyar a ce ita ta kai ta? Ya haɗiye lomar, ya ce:

"Ina raye za a kai ta Jidda? Nota ai tun ina saurayi na sha ta."

Hajiya Ummulkhairi ta dube shi ta saman tabarau ta ce ita ba ta tuna da wannan karatun ba. Ya ce lokacin da ya yi aiki a tashar jiragen ruwa ne, wani Bamisire ya koya masa. Ta ce to. Abdulwahab ya ce madalla, an huta da hanya. Aka ci gaba da cin shinkafa.

Ga yadda ya riƙa yi. Kwalejin ta turo takardun gwaji, kowace da sunan waƙarta a sama da rubutun Larabci. Sunan kaɗai yake karantawa. Sai ya nemo waƙar a waya, ya kunna a mota yana layin jiran alhazai a bakin Misfala, ya ji sau biyu ko uku, ya bi ta da fito. Kafin a kira la'asar ta zauna. Ranar Litinin da Laraba sai ya hau bene na uku a unguwar Rusaifa, gidan Sakinatu, ya zauna a kan kafet, ya zaro tabarau ya goge shi da gefen riga a tsanake, ya shimfiɗa takardar. Layuka biyar-biyar ne da baƙaƙen ɗigo masu jela, shi a idonsa kamar talibambam a kududdufi. Sai ya ɗora yatsa yana ja a hankali, yana gyaɗa kai, wani lokaci har da ɗan tsaki kamar ya ga kuskuren mai rubutu. Sannan ya ɗauki nai ya busa, Shifa ta bi shi.

Adalci shi ne a faɗi cewa a cikin wannan ƙaryar akwai koyarwa ta gaskiya, kuma mai kyau. Ya sa ta tana hura ruwa a kofi da tsinken shan lemo har ta iya riƙe kumfa ba yankewa, tana jan numfashi ta hanci. Ya hana ta ɗaga kafaɗa. Ya koya mata cewa sautin farko shi ne sallama, in ya fito a firgice duk abin da zai biyo baya a firgice zai zo. In ta yi sauri sai ya ce, wa ke korarki, 'yan sanda? In ta yi daidai ba ya yabo, sai dai ya leƙa kicin ya ce wa Sakinatu ta ƙaro na'ana a shayi, kuma duk gidan sun san ma'anar wannan. Da an fara kiran magariba, ko a tsakiyar waƙa suke, zai ɗaga hannu a ajiye sarewa. Bai taɓa sassautawa a kan wannan ba.

Suna faɗa irin nasu. Ita takan ce wallahi Kawu leɓena ya mutu, halas, wato shi ke nan, shi kuma ya ce in ya mutu a yi masa salla a ci gaba. Takan tsokane shi da cewa motarsa ta girme ta, ya ce ƙwarai, kuma ta fi ta jin magana. Yakan zo mata da tsire daga Hindawiyya a nannaɗe a takarda, amma ba ya bari ta taɓa sai an gama, saboda yaji na sa leɓe rawa. Sakinatu takan tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu da ludayi a hannu har miya ta kama.

Wani lokaci, yana saukowa daga benen, abin yakan dame shi. Sai ya ce wa kansa yarinyar na da kaifin kai, tana kallon takardar tana jin sautin, a hankali za su haɗu a kanta, kamar yadda yaro ke gane harafi don yawan kallon allo. Kuma yakan gan ta tana yi wa takardun ƙananan alamu da fensir. Ya ɗauki wannan hujja. Mai son ya yaudari kansa ba ya rasa hujja ko a cikin aljihunsa.

Saura mako bakwai a yi jarrabawa, ranar wata Litinin, Shifa ta ajiye masa sabuwar takarda. Ta ce wannan irin wadda za a ba su ce a ɗakin jarrabawa. Ya sa tabarau ya duba sama. Babu suna. Lamba ce kawai, sai talibambam layi shida.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce rubutun ya yi ƙanana. Ya ce hasken ɗakin ba shi da kyau. Daga baya ya ce kansa na sara tun safe, bari ya tafi da ita gida ya duba a natse, ran Laraba sa yi. Shifa ta ce tayyib, wato to, Allah ya sawwaƙe, ta kawo masa ruwa da magani. Ya sha maganin ciwon da ba ya yi, a gabanta.

Washegari ya nufi wurin Turki, abokin busarsa mai kaɗa garayar Larabawa, wanda kullum ke cika baki da sanin kiɗa. Turki ya juya takardar sama da ƙasa, ya miƙo masa, ya ce shi ma da kunne yake ci, ya je ya nemi 'yan makaranta. Mukhtaru ya zauna a mota injin na aiki. Suna ɗaya ne ya sani. Ya kashe fitilar haya, ya kama hanyar Jidda.

Ba tuba ce ta kai shi ba. Ya tafi ne a busa masa abin da ke takardar ya haddace, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Makarantar Ustaza Ghada ɗakuna uku ce a saman wani shagon magani. Ita kuma mace ce gajera, ta manyanta, muryarta kamar ta mai sayar da kifi. Ya ce mata shi mai busa ne, idonsa ne ya yi rauni, yana so a jiyar da shi wannan sau ɗaya. Ta ce ba damuwa, ya nuna mata inda ya tsaya. Ya ɗora yatsa a farkon layi kamar yadda ya saba, ya fara ja.

Ta dubi yatsan, ta dube shi, ta kira shi baffa da Larabci.

"Ya ammi, daga ina ka fara?"

Ya ce daga farko mana. Ta kama gefen takardar ta nuna masa ɗaya ɓangaren. Ta ce nota daga hagu ake karanta ta zuwa dama, kamar rubutun Turawa, a ko'ina a duniya, har a Misira. Shi kuwa duk abin da ya taɓa karantawa a rayuwarsa, daga allo zuwa Alƙur'ani zuwa takardar tara ta 'yan sandan hanya, daga dama yake farawa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai abin tambaya a nan ba. Wata bakwai yana jan yatsa daga ƙarshen layi zuwa farkonsa, da tabarau, da gyaɗa kai.

Ba ta yi masa dariya ba. Ta ɗauki sarewarta ta busa layi shidan. Ya ce ta ba shi aron sarewar, ya mayar mata da su cif, har da inda ta ɗan ja numfashi. Ta ce ta shekara ashirin tana koyarwa ba ta ga kunne irin wannan ba. Ta kuma ce ta san lambar da ke saman takardar, ta gwajin kwalejin Riyad ce, kuma shi bai yi kama da mai shirin shiga kwaleji ba. Ta tambaye shi ta wace ce. Ya ce ta 'yar ƙanwarsa.

"To ranar jarrabawa wa zai busa mata ta ji? Ba a barin kawu ya shiga."

Ya yi godiya ya sauko. Wani zai ce wannan ya isa ya farkar da mutum. Bai isa ba. Duk tsawon hanya, har ya wuce shingen Shumaisi duwatsun Makka suka bayyana, abin da yake lissafawa shi ne yadda zai gyara yatsansa ba tare da an lura ba.

Ran Laraba ya hau benen da tsirensa. Ya ce kai ya yi sauƙi. Ya goge tabarau, ya shimfiɗa takardar, ya ɗora yatsa a hagu, ya ja zuwa dama, layi bayan layi. Ya ɗauki nai ya busa ta tsaf. Da ya sauke, Shifa ba ta ɗauki tata ba. Tana kallon hannunsa.

"Kawu, yau ka fara daga hagu. Wa ya gaya maka?"

A hankali ta faɗa, don kada uwarta ta ji daga kicin. Ya cire tabarau ya riƙe. Can ya tambaye ta tun yaushe ta sani.

Ta ce tun ranar farko. Ta ce suna yin Turanci a makaranta, kuma ta taɓa ganin nota a waya, ta san inda ake farawa. Da ta ga yatsansa ya taso daga dama ta ɗauka wasa yake, da ta ga fuskarsa sai ta gane ba wasa ba ne. Ta ce tun daga nan take ƙoƙarin koya wa kanta bayan ta gama aikin makaranta, alamun fensir ɗin nan nata ne na ƙirga layi. Ta san sunayen ɗigon yanzu, amma ɗaya bayan ɗaya take ƙirga su, layi guda yakan ci mata rabin awa, kuma tsawon kowane sauti har yanzu yana rikita ta. Minti biyar ba za su ishe ta ko rabin layi ba.

Ya ce to me ya hana ta faɗa wa babanta a kai ta Jidda tun tuni.

"In na ce a kai ni, sai Baba ya ce me ya sami Kawu. Me zan ce masa?"

Ta ƙara da cewa ta gwammace ta yi aikin jinyar, ai shi ma aiki ne, da a ce ita ta tsayar da kawunta a gaban babanta a matsayin maƙaryaci. Ta faɗi wannan tana murza gefen mayafinta, kamar mai ba da haƙuri.

Nan ne abin ya same shi. Da a ce ta yi kuka ko ta yi masa rashin kunya, da ya sami inda zai raɓa. Amma yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta ɗauki ƙaryarsa ta goya a bayanta wata bakwai, tana kawo masa ruwa da magani, tana shirin ajiye abin da take so duk don kada hularsa ta faɗi. Shi da ya kamata ya rufa mata asiri, ita ke rufa masa. Ya naɗe sarewarsa ya sa a jaka. Ya ce ta ci tsiren, yau babu darasi. Sakinatu ta biyo shi bakin bene tana tambaya ko kan ne ya dawo, ya ce a'a, sai Juma'a.

Ran Juma'a bai jira an gama ci ba, don ya san in ya jira ba zai faɗa ba. Ana ajiye faranti ya ce yana da magana. Ya faɗe ta duka, da Bamisiren da babu shi, da wayar da yake kunnawa a layin Misfala, da tafiyarsa Jidda da abin da ya kai shi, da yatsan. Bai ce don ƙauna ya yi ba. Ya ce kishi ne da girman kai, kuma Shifa ba ta da laifi ko na ƙwayar zarra.

Sakinatu ta rufe baki da mayafi. Abdulwahab ya tambayi saura mako nawa. Aka ce shida da 'yan kwanaki. Shifa ta fara cewa Baba ko za a bari sai baɗi, ya ɗaga hannu. Ya ce ya ce sau ɗaya, kuma ba zai mayar da maganarsa biyu ba don wani ya mayar da tasa banza. Wannan ce kaɗai baƙar maganar da ya yi, kuma Mukhtaru ya karɓe ta da sunkuyar da kai.

Hajiya Ummulkhairi, mai shekara saba'in da takwas, ta fara wanke hannu tukuna. Sannan ta ce ita tun ranar ta san babu wani Bamisire, don ɗanta ko ɗan kunne ya tsinta a hanya sai unguwa ta ji, balle karatu. Ta yi shiru ne tana jira ta ga iya gudun ruwansa, kuma ita ma ta yi kuskure da ta jira. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta jakar. Ya ce Hajiya, akwai biki ran Alhamis. Ta ce ta ji, ya ba ta jakar. Ya tashi ya ɗauko daga mota, ta sa Sakinatu ta kai ɗakinta ta saka a akwatin ƙarfe, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ka ce ka iya. To sai ka iya. Ranar da aka ba ka takarda marar suna ka karanta a gabana, ka zo ka karɓi kayanka."

Daga ranar Asabar ya fara kai Shifa Jidda, sau huɗu a mako, da an taso daga makaranta. Ustaza Ghada ta gwada ta, ta ce numfashi da sauti babu abin da za ta ƙara, wanda ya koya mata ya gama aikinsa, amma karatun takarda sai an yi da gaske, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Ta hana ta jin kowace waƙa kafin ta karanta, don kunnenta irin na kawunta ne, yana riga ido. Shi kuma Mukhtaru, bisa umarnin uwarsa, aka rubuta sunansa a ajin masu farawa, ɗakin da ke kusa. A hanyar dawowa Shifa takan buɗe littafinsa ta yi masa tambaya, in ya kuskure ta ce wa ke korarka, Kawu, 'yan sanda? Yakan ce ta kiyaye shi, har yanzu shi ne mai mota.

Ta rame a makonnin nan. Takan yi barci a kujerar baya da takarda a ƙirji, shi kuma ya rage gudu ya kauce wa ramuka. Bai taɓa ce mata ta yafe masa ba, don ya san za ta ce ba komai, kuma ba ya son ya sa ta ta yi ƙarya ita ma.

Abdulwahab ne ya kai ta Riyad. Mukhtaru ya raka su filin jirgi, ya tsaya a bakin shinge yana ta maimaita mata kada ta ɗaga kafaɗa, kada ta sha ruwan sanyi, sautin farko ta ba shi haƙƙinsa. Ranar jarrabawar bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba. Ya ajiye mota ya shiga Harami tun hantsi, ya zauna da waya a aljihun gaba har aka yi azahar.

Da Shifa ta kira, ta ce waƙoƙi biyun sun tafi lafiya, har ɗaya daga cikin malaman ya ajiye alƙalami ya tambaye ta a ina ta koyi riƙe numfashi haka, ta ce wurin kawunta a Makka. Takardar kuwa ta kai layi na huɗu daidai, a na biyar ta rikice, ta tsaya, ta sake, lokaci ya ƙare ba ta kai ƙarshe ba.

Bayan mako uku sakamako ya fito. An ɗauke ta, amma ba ajin farko ba. Sai ta yi shekara guda a ajin share fage tana koyon karatun nota, in ta ci sannan ta shiga tare da 'yan bayanta. Abdulwahab ya karanta saƙon sau biyu, ya ce ɗauka dai an ɗauka, maganarsa tana nan, ta shirya kayanta. Sakinatu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta. Shifa ta kira kawunta tana dariya tana cewa shekara ɗaya ai ba komai ba ce. Ya ce mata komai ce, kuma shi ya ci mata shekarar.

Shifa tana Riyad yanzu. Jakar fatar tana cikin akwatin Hajiya Ummulkhairi wata goma sha ɗaya ke nan, an yi bukukuwa sun fi talatin babu busar Mukhtaru. Sau biyu ya je ya gwada karatu a gaban uwarsa, da Ustaza Ghada a waya tana shaida, sau biyu ya faɗi. Kowace Asabar da Talata yana zaune a Jidda a kan kujerar roba da ba ta kai gwiwarsa ba, tsakanin yara 'yan shekara takwas, yana tafa hannu yana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yana shafi na goma sha tara a littafin farko.